Rana na narka takalmi a Makka, ta yaya mai ciki da jaririnta za su rasa bitamin D?

"Assalamu alaikum Likita. Ni a Makka nake aure, wajen Shara Mansur, shekara takwas ke nan. Ina da ciki wata shida, na huɗu. Na je awo aka yi mini tahlil, wato gwajin jini, daktora ta ce bitamin D ɗina 9 ne, wai ya yi ƙasa sosai, ta rubuta mini magani. Abin da ya tayar mini da hankali, yarona na uku kwana biyu bayan suna ya kama jijjiga, muka kwana biyar a asibiti, suka ce kalsiyam ɗinsa ne ya sauka. Yanzu shekararsa biyu, ƙafafunsa sun ɗan yi baka. Surukata da muke zaune tare ta ce duk neman kuɗin likitoci ne, garin da rana ke narka takalmi a ce an rasa abin da rana ke bayarwa? Ta ce ita tara ta haifa a ƙauye, ba wanda aka ɗiga wa komai. Maƙwabciyata kuma ta ba ni ragowar kafsonta mai 50,000 ta ce in riƙa sha. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma me zan yi kada wannan ma ya zo da irin ta wansa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya, ya ƙara wa yaron sauƙi.

In na fahimce ki, abu uku kika dunƙule wuri ɗaya: ko zai yiwu mutum na zaune a Makka ya rasa bitamin D, ko naki ƙarancin na da hannu a jijjigar da yaronki ya yi, sannan me za a yi a wata ukun da suka rage da kuma bayan haihuwa. Ta farko amsarta e ce, ta biyu ma mai yiwuwa ne ƙwarai. Ta ukun ce ke son zama. Ni likitar yara ce a Jidda, kuma labarinki ba baƙo ba ne a wurina. Na ji irinsa daga bakin Bahaushiya, na ji daga Balarabiya, na ji daga 'yar Pakistan.

Kafson maƙwabciya dai ki ajiye shi tukuna, zan dawo kansa.

Hajiya ta yi gaskiya, amma a kan tata rayuwar

Bari in fara da surukarki, domin ba shirme ta faɗa ba. Bitamin D yawancinsa ba daga tukunya yake fitowa ba, fatar jikinmu ce ke ƙera shi idan wani kaso na hasken rana, wanda ake kira UVB, ya sauka a kanta kai tsaye. Daga fata ya wuce hanta ta sarrafa shi ya zama abin da ake aunawa a tahlil, sannan ƙoda ta mayar da shi mai aiki. Babban aikinsa buɗe wa kalsiyam ƙofa a hanji. In babu shi, ko madara kike sha kamar ruwa, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai jiki ke tsotsa, alhali da isasshensa yakan kai kashi 30 zuwa 40.

To ki tuna yadda Hajiya ta yi nata goyon cikin. Ko a kulle take, gidan ƙauye tsakar gidansa ba ta da rufi. Da hantsi tana waje da ɗaurin ƙirji, ga surfe ga bakace, ta yi wanki ta yi shanya, kafaɗa da baya da hannuwa duk a rana. Kullum tana shan maganin ba ta san tana sha ba. Yanzu dubi naki yinin. Shiƙƙa ce, wato rufaffen sashen gida a bene, taga 'yar ƙarama mai duhun gilashi, labule a sake, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta aiki dare da rana. Fita sai la'asar sakaliya ko bayan isha, cikin abaya, daga ƙofa sai mota. A watannin da Makka ke haura digiri 45, wa zai ga laifinki? Sai dai gilashin taga yana tare UVB kusan gaba ɗaya. Hasken da ke shigowa falo ɗakin yake haskawa, ba ya ƙera komai a fata, tufa ma haka take tarewa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Sai launin fatarmu. Sinadarin da ya sa muka yi baƙi garkuwa ce Allah ya yi mana daga ƙunar rana, amma garkuwar tana rage UVB ɗin da ke ratsawa. Abin da farar fata za ta ƙera a minti 15, tamu sai ta ɗauki ninki uku ko fiye. Ƙiba ma da nata, domin bitamin D a kitse yake narkewa, sai kitsen ya riƙe shi ya hana shi yawo a jini. Haihuwa kusa da kusa kuma, balle in ana kwanika, ba ta barin jiki ya mayar da abin da ya fitar. Ciki huɗu a shekara takwas, da shayarwa a tsakani, ba ƙaramin ɗiba ba ne.

Ba kuma yau aka gano wannan a Saudiyya ba. Tun 1984 likitoci a Riyad, cikinsu har da Abdulwahab Elidrissy, suka wallafa binciken da suka yi a kan matan da suka zo haihuwa da jariransu, suka tarar na uwa da na jariri duk a ƙasa. Wani nazari da ya fito a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasar tsakanin 2008 da 2015, ya ƙiyasta kusan mutum 60 cikin 100 na da ƙarancin. Galibinsu kuwa sun fi mu hasken fata.

Akwai abin da nake so ki isar wa Hajiya cikin ladabi: a ƙauyen ma akwai yara masu gwame da ƙafar baka, sai dai a ce gado ne, ko an yi saurin tsayar da yaro. Sanadin ne ya bambanta. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1999 da ya nuna yaran da ke da laushin ƙashi a can kalsiyam ne ya yi masu ƙaranci a abinci. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. A gida ga rana babu madara, a nan ga madara babu rana. Iyalin da suka taho da cimar gida, tuwo da shinkafa da baƙin shayi, suka kuma shige shiƙƙa, sai su haɗa rashin biyu.

Abin da ya sami yaronki

Ɗan tayi ba shi da hanyar samun bitamin D sai ta mabiyiya. Abin da ke jininki shi ke tsallakawa, shi ma ba duka ba, wajen rabi zuwa kashi uku cikin huɗu. Uwa mai 9, jaririnta da 5 ko 6 zai fito. Muddin yana ciki ba a ganin komai, domin mabiyiya na tura masa kalsiyam da ƙarfi, ko da daga ƙashin uwar za a kwaso. Kafin haihuwa jariri kan tara kusan giram 30 na kalsiyam, kuma kashi 80 cikin 100 a wata ukun ƙarshe yake tara shi, wato daidai inda kike shiga yanzu.

Ranar da aka yanke cibiya an rufe wannan famfon. Daga nan sai ya tsotsa da hanjinsa. Kowane jariri kalsiyam ɗinsa kan ɗan sauka a kwana ɗaya zuwa biyu na farko sannan ya farfaɗo. Wanda ya zo da rumbu wayam shi ke kasa farfaɗowa, sai a ƙarshen makon farko ko cikin na biyu a ga abin da kika gani. Shi ya sa labarin yakan faro da "ana gama suna". Kalsiyam ba ƙashi kaɗai yake ginawa ba, shi ke daidaita jijiya da tsoka. In ya yi ƙasa sai jijiyoyi su yi ta harbawa ba dalili: karkarwar hannu da haɓa, fizgar gefen fuska, ƙanƙamewar yatsu, wani lokaci numfashi mai ƙara saboda maƙogwaro ya matse, har a kai ga jijjiga sosai. Mafi muni, ko da yake ba a cika gani ba, tsokar zuciya ta saki.

Ba na mantawa da wata yarinya 'yar kwana 11 da aka kawo mana cikin dare. Kakarta ce ta rungumo ta a bargo, jikin duk warin hayaƙin habbatus sauda. Kwana biyu suna tofi, wai gamo ta yi da aka fito da ita ranar suna. Ina cikin duba ta sai hannun dama ya fara fizga, ido ya kafe gefe guda. Na riƙe hannun, fizgar ba ta tsaya ba. Sukari lafiya, babu zazzaɓi, kalsiyam kuwa ƙasa ƙwarai. Aka sa mata shi ta jijiya a hankali muna kallon bugun zuciyarta a na'ura, kafin asuba ta lafa ta kama nono. Da muka auna uwar, nata bitamin D bai kai 5 ba. Na tambaye ta yaushe rabon da rana ta taɓa damtsenta. Ta yi shiru tana lissafi, can ta yi dariya ta ce tun tana budurwa a Damagaram. Ban hana kakar tofinta ba, na dai roƙe ta ta ci gaba da yi a gefen gadon asibiti.

Riƙe hannun nan da na yi, ki koya. Karkarwar jarirai ta yau da kullum, da kin dafa hannun ko kin ba shi nono take tsayawa. Jijjiga ba ta tsayawa, kuma takan zo da kafewar ido ko leɓe ya canja launi. In kin ga haka, wani ya ɗauki bidiyon 'yan daƙiƙu a waya, domin sau da yawa kafin a iso wurinmu abin ya wuce, ku kuma kama hanyar asibiti ko ku kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa. Kada a ɗura masa komai. Na san akwai 'yan'uwanmu da matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ke sa su jan ƙafa, amma jijjigar jariri ba ta jiran gari ya waye, domin saukar sukari da sanƙarau da wahalar haihuwa duk da kama ɗaya suke zuwa, ido ba ya rarrabe su sai gwajin jini.

A nan iyakata take: ban ga yaronki ba, ban ga takardunsa ba. Ciwon sukarin uwa, haihuwar bakwaini, ƙarancin magnesiyam, ko ba jariri madarar shanu da wuri, duk sukan saukar da kalsiyam. Amma jijjiga a kwana na tara, ga uwa mai 9, ga ƙafa ta yi baka daga baya, in aka ce in nuna ɗaya, ƙarancin bitamin D zan fara nunawa.

Ke, daga yau zuwa haihuwa

Ɗauko takardar tahlil ɗin ki duba abin da aka rubuta a gaban lambar. Wasu ɗakunan gwaji ng/mL suke rubutawa, wasu nmol/L, kuma na biyun ninki biyu da rabi ne na na farkon. 9 ng/mL kusan 22 nmol/L ke nan. Masana sun yi saɓani a kan inda isasshe ya fara, wasu suka ce 20 ng/mL, wasu 30. Amma ƙasa da 12, wato 30 nmol/L, babu mai gardama cewa ƙaranci ne na gaske. Ke da kowane ma'auni aka auna, a ƙasa kike.

Mai cikin da ba ta da matsala, IU 600 ake so ta samu a rana. IU shi ne ma'aunin da za ki gani a jikin kwalba, kuma IU 400 daidai yake da maikrogiram 10. Ƙwayar bitamin ta masu ciki galibi 400 ke cikinta, wanda ya isa ya riƙe mai lafiya amma ba zai cike rami mai zurfin naki ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce in an tabbatar da ƙaranci, IU 1,000 zuwa 2,000 a rana ba shi da haɗari ga mai ciki, iyakar da aka sa wa na kullum kuma 4,000 ce. Wasu likitocin kan fara da babban awo mako-mako na ɗan lokaci sannan a koma na kullum. Wanda daktorarki ta rubuta shi za ki sha, ita ta ga sauran gwaje-gwajenki. Ki haɗa shi da abinci mai ɗan maiƙo, ya fi shiga jiki, bayan wata biyu zuwa uku a sake aunawa.

Kafso mai 50,000 magani ne na gaske, amma na mako-mako ne, na ƙayyadadden lokaci. Matsalarsa yana yawo a gidajenmu kamar goro, wannan ta miƙa wa waccan, a hanya kuma kalmar "mako" ta faɗi. Uwar wani yaro da nake dubawa ta sha shi kullum kusan wata biyu, ta ƙare da amai da ƙishirwa da yawan fitsari da taurin bayan gida, kalsiyam ya yi mata yawa har ya fara taɓa ƙoda. Bitamin D ba ya bin fitsari ya fita kamar bitamin C, taruwa yake. Ki mayar wa maƙwabciya da kayanta da godiya, kada ki haɗa shi da wanda aka rubuta miki.

Kada kuma in yi miki alƙawarin da ilimi bai yi ba. Za ki ji ana cewa bitamin D na hana hawan jinin masu ciki da sukarin ciki da haihuwar bakwaini. An dai lura masu ƙarancin sun fi samun waɗannan, amma da aka zo gwada ba da maganin sai sakamako ya rarrabu. A Bangladesh an gwada a kan mata 1,300, aka wallafa a 2018, ba a ga bambanci a tsawon yaran ba da suka shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowace mai ciki ba, Ingila kuwa kowace mai ciki tana ba ta shawarar IU 400 kullum. Inda ba a saɓa ba shi ne inda ya dame ki: gyara na uwa na ɗaga na jariri, ya rage masa haɗarin saukar kalsiyam da laushin ƙashi. Ke ma in kina jin ciwon ƙugu da cinyoyi, tashi daga sujada sai kin dafa ƙasa, hawan matakalar unguwa ya zama aiki, kada ki jingina duka ga ciki. Wani ɓangaren ƙashinki ne ke kuka.

Abinci taimako ne, ba zai yi aikin magani ba. Kifi mai maiƙo irin sardin da titus yana da shi. Gwaiduwar ƙwai ɗaya wajen IU 40 ce kacal, kofin madarar da aka ƙara wa bitamin D wajen 100. Yi lissafi ki ga ƙwai nawa za ki ci. Hanta da man hantar kifi ki bar su, bitamin A ɗinsu ya yi wa ɗan tayi yawa. Inda abinci ke da ƙarfi shi ne kalsiyam, wanda kike buƙatar wajen miligiram 1,000 a rana: kofin madara ko laban (nonon shanu mai tsami) kusan 300 ne, ga zabadi (kindirmo), ga ɗahina (niƙaƙƙen riɗi), ga kuka da zogalen da ake kawo mana tsaraba daga gida. In an ba ki ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini, ki raba su da awa biyu, suna tare wa juna hanya. Af, tunda jego na tafe: kanwa ba kalsiyam ba ce, dangin gishiri ce. Ba ta gina ƙashi, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kununta, haɗe da gashin jego mai tsanani, da ciwon zuciyar masu jego.

Rana kuwa, ba sai kin taɓa suturarki ba. Wuri ake nema, irin tsakar gidan Hajiya. In kuna da suɗuhi, wato saman rufin bene, ko hoshi, wato farfajiyar gida, inda babu idon maza, ki fita da damtse da ƙwauri a buɗe, minti 20 zuwa 30, 'yan kwanaki a mako. Ranar sassafe da ta yamma lis da mutane ke yabo kusan ba ta da UVB. In inuwarki ta fi ki tsawo sosai, ba abin da ake ƙerawa. Wani bincike a Riyad ya nuna a bazara daga ƙarfe 9 zuwa 10:30 na safe ya fi dacewa, da sanyi kuma daga 10 zuwa 2. Amma ba zan tura mai tsohon ciki ta gasu a zafin Makka ba. Da kin ji jiri ki shige, kuma kada ki ajiye magani ki ce rana za ta isa.

Jaririn, da wansa

A nan aka fi ja da ni. Nonon uwa ba shi da na biyu, ba na so ki rage ko sau ɗaya. Amma bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne, lita guda ba ta cika kai IU 80 ba, jariri kuwa 400 yake nema a rana. Da rana ce ke cike giɓin, yaro na goye a bayan uwa a tsakar gida. Yanzu a ɗaki ake arba'in, bayan arba'in ma ɗakin ne. Likitocin yara kuma ba ma son a shanya jaririn da bai kai wata shida ba a rana kai tsaye, fatarsa ba ta ƙosa ba, ga haɗarin zafi. Don haka matsayar da masana daga ƙasashe da dama suka fitar a 2016 ita ce kowane jariri a ɗiga masa IU 400 kullum, daga haihuwa har ya shekara, ko nono yake sha ko madarar gwangwani. Wasu ƙasashen na ɗauke wa mai shan madarar gwangwani da yawa, tunda an zuba a cikinta, amma jaririn uwa mai ƙaranci ba na tsayawa wannan lissafin a kansa.

Ki sayi ɗigon tun kafin naƙuda, ki sa shi a jakar asibiti. Likitan da zai duba jaririn ki gaya masa abu biyu da bakinki, kada ki ɗauka yana cikin fayil: nawa ne naki, da abin da ya sami wansa. Da wannan zai yanke ko a auna kalsiyam ɗin jaririn a makon farko, ko a ba shi fiye da 400.

Ki kula da kwalbar ƙwarai, domin na saidaliyya, wato kantin magani, ba iri ɗaya ba ne. Vidrop, misali, kowane ɗigo IU 100 ne, huɗu ake bayarwa. Akwai wanda ɗigo ɗaya tak 400 ne, akwai wanda sai an ja mililita guda. Uwar da ta saba da "ɗigo huɗu", in aka canja mata kwalba ta ci gaba da huɗun, ta ninka wa ɗanta sau huɗu ba ta sani ba, alhali iyakar wanda bai kai wata shida ba IU 1,000 ce a rana. Duk sanda kwalba ta canja ki tambayi mai saidaliyya ɗigo nawa ne 400, ko ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya. One-Alpha kuma, wani nau'in bitamin D na daban, na masu ciwon ƙoda ne da wasu lalurori na musamman, ba na rigakafi ba ne, kada a ara miki. Ki ɗiga a kan nono ko a ɗan cokali, ba cikin madarar da ba lalle ya shanye ba. In kin manta yau, gobe na gobe kawai za ki ba shi.

Shi kuma wan, ƙafar yara takan ɗan yi baka har wajen shekara biyu ba tare da wata cuta ba, ta miƙe da kanta. Amma da tarihinsa ba zan zauna jira ba. Dubi wuyan hannunsa ko ya yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata. Shafa ƙirjinsa gefe da gefe ko za ki ji ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi. Taɓa maɗigarsa ko har yanzu tana lotsawa, alhali yawanci tsakanin wata 12 da 18 take rufewa. Ki tuna ko haƙori da tafiya sun yi masa jinkiri. Larabawa kusah suke ce wa ciwon, ko linul izam, in kin ji likita ya ambata. Hoton wuyan hannu da gwiwa da gwajin jini sun isa a gane. In shi ne, bitamin D mai ƙarfi za a ba shi na aƙalla wata uku, tare da kalsiyam wajen miligiram 500 a rana, kuma a shekarunsa ƙashi ɗanye ne, yawanci ƙafar kan miƙe a hankali ba sai an kai ga tiyata ba. Yayyensa biyu ma a duba su, tunda ɗaki ɗaya kuke wuni. Yaron da ya wuce shekara IU 600 yake buƙata.

Hajiya kuwa kada ki ja da ita. Abin da na ga yana aiki a gidaje da yawa shi ne a damƙa wa kaka kwalbar. Ita ke yi wa jariri wanka da safe, to ki ce ni na ce ɗigon nan hannun babba yake so, kullum bayan wanka. Awo na gaba ku tafi tare, ki roƙi daktora ta nuna mata lambar a takarda. In da hali ita ma a auna ta. Shekarun nan a shiƙƙa ɗaya kuka yi su, fatar tsoho kuma ba ta ƙera bitamin D kamar ta yaro. In tana kukan baya da gwiwa, ba mamaki nata ya fi naki ƙasa.